Ranar da Kawu Ya Ga Duniya Rawaya

A shekara ta biyu da damina ta yi mana gardama, Kawu ya kwanta. Yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye kusa da Burkusuma, inda mutum kan yi alwala a Najeriya ya yi salla a Nijar ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ni kuwa ina Sakkwato, ina fassara labarai a gidan rediyo. Saƙon da wani direba ya kawo mini gajere ne: kwana biyar Kawu yana amai da gudawa, ya daina cin tuwo, ya kuma daina faɗa. Na ƙarshen nan ne ya sa na nemi izini na shiga mota.

Na same shi a ɗakin shan magani na Sabon Birni. A kan babur aka kawo shi, an ɗaure shi da rawaninsa a bayan mai tuƙi don kada ya zame. Malamin da ke wurin ya duba shi, ya ce wannan sai babban asibitin garin Isa, ya rubuta mana 'yar takarda. Muka kama hanya mu uku: ni, da Kawu, da matarsa da muke kira Inna, rungume da ƙullin kayanta.

Kawu ya shekara biyu da ciwon zuciya. Ni na kai shi wurin likita a Sakkwato lokacin da ƙafafunsa suka kumbura, aka ɗora shi a kan wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum, da wata mai sa fitsari. Saboda haka na shiga motar Isa ina ganin babu abin da ban sani ba game da ciwon nan.

A ƙasarmu a wancan lokaci, ƙarin ruwa ya wuce magani, matsayi ne. Mai zuwa dubiya sai ya ɗaga kai ya dubi ledar da aka rataya kafin ya dubi mai jinya. In rawaya ce, an san majinyaci yana da gata. In ruwan garau yake, sai a koma gida a ce ruwan randa aka ɗura masa. Daga baya na san cewa rawayar nan ruwan sukari ne kawai da aka tsiyaya wa allurar bitamin, amma a ranar ban sani ba, kuma Inna ba ta bar ni na yi tunani ba. Tun daga tashar Sabon Birni take yi mini bita.

"Kai da aka jin muryarka har Maraɗi, in ka yi magana dole su sa mishi mai rawaya. Leda biyu. A sake ta ta zuba da kyau, mu koma kahin la'asar. Awakina na hannun mutane."

Na ce mata za ni gwada.

Likitan asibitin ya fita ƙauyuka inda gudawa ta ɓarke, sai yamma zai dawo. Nas ɗin da ke riƙe da ɗakin maza ita ta karɓe mu. Kowa Sista yake ce mata. Bayarabiya ce haihuwar Ƙauran Namoda, gajeriya, da agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta, Hausarta kuwa ta fi ta wasu da nake aiki da su. Tana ganin tsagar Gobirawa a kumatun Kawu ta riƙe ƙugu. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun kaka da kakanni: kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi.

"Iye! Yau ga bawan gidanmu an kawo mini a kwance. Wa ya ba ka izinin ciwo?"

Kawu, wanda bai ce uffan ba tun daga Sabon Birni, ya buɗe ido ɗaya.

"Wagga ba baiwata ba ta? Ashe nan kika ɓoye. Maza ɗauko min ruwa mai rawaya."

"Wanda uwar ɗakinka ta ga dama shi za ta ba ka. Buɗe baki."

Ta dubi harshensa. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tsuke kamar ba ta da niyyar komawa. Ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, ta saurari bayansa, sannan ta kama wuyan hannunsa tana duban agogo. Ta daɗe a nan. Ta saki, ta sake kamawa.

"Inna, yaushe rabonsa da fitsari?"

"Jiya da hantsi. Ɗan kaɗan, ja awa shayi."

Da Sista ta nufi kabad ɗin ruwa, Inna ta zungure ni. Na bi ta, na gyara murya, na fito da wadda nake karanta labaran ƙarfe bakwai da ita, na ce iyalan majinyaci suna da buƙatar a yi amfani da ruwa mai launin rawaya.

Ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Au, kai ne? Na san muryar nan. To Malam, a rediyo kai ke magana mu yi shiru. Nan kuma zo ka gani."

Ta nuna mini ledoji iri uku. Na farko ruwan sukari, wanda ake rinawa. Ta ce wannan ba ya zama a jijiya, yana shiga yake watsewa cikin jiki, mutumin da gudawa ta kwashe wa gishiri kuwa ƙara tsarma masa jini zai yi. Na biyu mai haɗin gishiri iri-iri, shi take ba yawancin masu gudawa, amma akwai wani gishiri a ciki da ba ta yarda ta sa wa wanda ƙodarsa ta yi shiru ba, sai ta ga fitsari da idonta. Na uku ruwan gishiri zalla. Shi ta ɗauka.

"Shi ma a hankali. Jikinsa a bushe yake, zuciyarsa kuma tsohuwar jaka ce, in ka labta mata kaya lokaci guda sai ta durƙushe, ruwan ya taru a huhu."

Ta rataya ledar, ta sami jijiya a karo na farko, ta manna filasta a tsaye a jikin ledar ta ja layuka da biro, kowane layi da lokacinsa. Ta murza 'yar tayar da ke jikin robar har ɗigon ya daidaita.

"Tunda aikinka ƙirga daƙiƙa ne, ga aiki. Ɗigo ashirin a minti. In ya wuce ko ya gaza, ka kira ni. Kada kowa ya taɓa tayar nan."

Inna ta kalli ledar, garau kamar ruwan sama, ta kalli ɗigon da ke saukowa kamar ana roƙonsa, ta kalle ni. Ban taɓa jin na faɗi a idon mutum irin na ranar ba.

Sista tana rubutu a kati sai Kawu ya farka. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban ledar, fuskarsa ta saki.

"Madalla. Ashe kina da tarbiyya. Ga ta nan kin sa mai rawaya."

Muka fashe da dariya, har da mutumin gadon kusa. Mun ɗauka gatse ne irin na wasansu. Sista ma ta fara dariyar, sai na ga ta tsaya a tsakiya. Ta ajiye biro.

"Baba, dubi nan. Rigata wane launi ce?"

Ba ta ce masa bawa ba. Wannan na lura da shi.

"Rawaya mana, awa wadda anka tsoma cikin ɗorawa."

"Hular ɗanka fa?"

Farar hula ce, sabuwa.

"Ita ma. Ni dai na yi shiru na, amma ba ta yi mishi kyau ba."

"Tun yaushe kake ganin abubuwa haka?"

"Kwana huɗu, ko biyar."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In ce mi? Gero ya ƙone, ciyawa ta ƙone, sama ta yi jajir. Na aza hwarin na ya rine duniya, kowa haka shika gani."

A daidai lokacin Inna ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yar farar ƙwaya, tana neman kofin ruwa, don azahar ta kusa. Sista ta riƙe mata hannu. Ba da ƙarfi ba, amma ba ta saki ba.

"Inna, duk abin da yake sha, zube mini shi a kan gadon nan."

Aka kwance ƙulli. Ga kwalbar ƙwayar Sakkwato, na gane ta. Ga mai sa fitsari. Sai ga wani ɗan kwali da ban taɓa gani ba, rubutun jikinsa duk Faransanci.

"Wannan fa?" in ji ni.

Kawu ya ce ai bayan kaka ƙafafun sun sake tashi, ya ƙetara can gefen Nijar cin kasuwa, ya biya wurin likitansu. Mutumin kirki, ya saurari ƙirjinsa, ya ba shi wannan.

"Ka gaya masa kana shan na Sakkwato?" Sista ta tambaya.

"Ya tambaye ni, nic ce ba ni shan komi."

"Don me?"

"Ke ji min baiwa. In nic ce mishi ina da wani, ai ba ya ba ni nashi."

Kawu bai ga abin mamaki a nan ba, kuma gaskiya duk wanda ya tashi a bakin iyaka ba zai gani ba. Mutanenmu kasuwa biyu suke ci, rediyo biyu suke saurare, in rijiyar wannan gefe ta ƙafe su ɗebo a wancan. Har ya raba wa magungunan aiki.

"Na Ingilishi da sahe, na Faranshi da azahar. Kowane da aikinai. Wanga na ƙahwa, wancan na numfashi."

Sista ta jera kwalbar da kwalin, ta karanta, ta miƙo mini. Magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya. Kwalin kawai ya bambanta.

Ta ja ni bakin ƙofa, ta yi mini bayani a taƙaice, yadda nake so a ba ni labari in zan shiga ɗakin karatu. Ƙwayar nan, tsakanin abin da ke taimakon zuciya da abin da ke tsayar da ita tazarar kaɗan ce. Ƙoda ke fitar da ita daga jiki. A shekarar da rijiya ke ba da guga ɗaya bayan dogon jira, ga gudawa, ga mai sa fitsari tana ƙara matse shi, ƙodar ta riƙe abin da ya kamata ta zubar. Ko ƙwaya ɗaya a rana ta yi masa yawa a wannan hali, shi kuwa biyu yake sha. Aman da muke ɗora wa ruwan rijiya, rabinsa na maganin ne. Ganin rawaya kuwa alamarsa ce da ake koya musu tun a makaranta.

"Bugun hannunsa arba'in da 'yan kai, kuma yana tsallake. Tun ɗazu abin ke damuna ban san dalili ba. Ba za ni ɓoye maka ba, Malam, zuciyar nan tana iya tsayawa yau."

Na nuna mata takardar Sabon Birni, inda aka rubuta a ci gaba da maganin zuciya.

"Daidai ya rubuta bisa abin da aka gaya masa. Shi bai ga kwalin ba."

Ta zuba magungunan uku a aljihunta. Ta rubuta wa likita takarda, ta ba wani mai babur ya bi shi ƙauyen da yake. Ta dawo ta sake kama hannun Kawu.

Labari ya riga ya zaga 'yan ƙasarmu da ke zaune a Isa, masu dubiya suka fara shigowa. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai. Wata dattijuwa, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta dubi ledar ta tafa hannu a hankali.

"Ayya. Ba a samu mai rawayar ba?"

"Makauniya ta ke?" in ji Kawu daga kwance. "Ga ta nan rangaɗau. Ɗana na rediyo ya yi magana guda, jiki na rawa sunka ɗauko."

Dattijuwar ta dubi ledar, ta dubi Inna, ta ce Allah ya sawwaƙe, da irin muryar da ake yi wa wanda ciwo ya taɓa wa kai. Haka aka yi da mutum uku. Kawu yana ta yabona, Inna tana ta nutsewa cikin mayafi.

Da aka kira azahar Inna ta ce in je in yi salla, ita za ta kula. Na ce Sista ta ce kada in gusa. Inna ta ce ashe aikin rediyo har salla yake hanawa. Na tafi.

Ban yi minti ashirin ba. Da na dawo na zauna zan ƙirga, sai na ga babu abin ƙirgawa: ɗigon ya zama zare. Ruwan ya wuce layin la'asar. Kawu yana wani ɗan tari busasshe, yana neman tashi zaune, Inna kuwa ta ƙura wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jiki.

Na ruga na kira Sista. Ta rufe tayar gaba ɗaya, ta tada shi zaune, ta jera masa matasai a baya, ta sauko da ƙafafunsa ƙasa, ta saurari bayansa dama da hagu. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Sai ta cire abin sauraron daga kunnenta ta sa a na Inna, ta ɗora bakinsa a ƙasan haƙarƙarin Kawu.

"Me kika ji?"

Inna ta yi kasaƙe. "Awa an watsa gishiri cikin wuta."

"Ruwan da kika saki ne ya fara shiga huhu. Kaɗan ne, mun tare shi. Da ledar ta ƙare a haka, da mijinki ya nutse a kan gado, a shekarar da ko kaza ba ta sami ruwan nutsewa ba."

Inna ta cire abin daga kunne da hannu biyu, ta miƙa, ta koma kan tabarma ta zauna a kan tafukanta. Sista ta juyo kaina.

"Kai kuma, haka kuke yi a gidan rediyo? A tsakiyar labarai sai ka tashi?"

Na ce salla na je.

"Allah ya karɓa. Gobe ka kira ni in zauna maka."

Sai da numfashinsa ya kwanta, bayan kusan awa guda, sannan ta sake buɗe ruwan, ɗigo goma sha biyu. Ta naɗe tayar da filasta ta sa hannu a kai, kamar wasiƙar gwamnati. Duk rabin awa tana zuwa ta kama hannunsa ta dubi agogo, ta rubuta. Ban tambaye ta adadin ba. Fuskarta nake karantawa, ita kuma ba ta ba da labari kyauta.

Bayan la'asar Kawu ya yi mini alama in matso. Ya raɗa mini cewa yana son kwalbar fitsari, kuma matan su ba shi wuri. Abin da ya samu bai kai rabin kwalba ba. Na kai wa Sista, ta ɗaga shi a hasken taga tana dubawa kamar mai sayen man shanu, ta ce, "Yauwa. Ƙoda ta buɗe." Inna da ke bakin ƙofa ta ji. Ban san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba, har masu jinya a ɗakin mata suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Likita ya iso kafin magariba, ƙura har gira. Ya karanta katin, ya dubi kwalin Faransanci, ya saurari ƙirjin Kawu. Bai canza komai a abin da Sista ta yi ba. Ya ƙara da wani gishirin sha da zuciya ke buƙata, irin wanda ta ƙi kusantar da shi gare shi kafin ta ga fitsari, ya ce a fara ba shi kunu cokali-cokali. Ya ce sauran aikin na jira ne, sai jiki ya zubar da abin da ya tara.

Jiran ya ɗauki kwanaki. Aman ya tsaya a rana ta biyu. A ta uku Kawu ya ce kunun ba gishiri, muka yi murna. A safiyar rana ta biyar, an rataya masa leda ta ƙarshe, ina zaune ina ƙirga, sai na ji ya yi gyaran murya irin ta mai shirin shari'a.

"Kira min baiwar nan."

Sista ta zo.

"Wa yac canza min ruwa? Kwana huɗu ana ba ni mai rawaya, yau don kin ga na hwara jin daɗi kin rataya min ruwan randa?"

Ta kama hannunsa tana duban agogo, yana ta zuba har minti ya cika.

"Sittin da takwas, ba tsallake. Rigata fa, wane launi?"

Ya harare ta. "Hwara. Da datti ga wuya."

"Ka warke, bawan gidanmu. Bakin ma ya dawo."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani cewa ledar ba ta taɓa zama rawaya ba. Ya ce in ajiye wannan labarin in karanta wa mutanen Sakkwato, shi da idonsa ya gani.

Ranar sallama likita ya zaunar da mu. Kwalin Faransanci zai zauna a asibiti. In Kawu ya sake zuwa wurin wani likita, ko a wane gefen iyaka, kwalbarsa za ta riga shi shiga. In gudawa ta dawo, ko fitsari ya ragu, a dakatar da maganin a zo. Sannan ƙwayar zuciya, daga yau, rabi zai riƙa sha a rana.

"Rabi?" in ji Kawu. "Wagga 'yar abar da ba ta kai ƙwayar dawa ba?"

"Rabi, Baba."

"Tuwo an raba shi biyu. Awaki sun koma rabi. Yanzu magani ma an bi shi?"

Sista ta ɗauko sabuwar reza, ta ɗora ƙwaya ɗaya a kan murfin kwano, ta nuna wa Inna tsagar da ke tsakiya da yadda ake dannawa. Inna ta gwada, ta farko ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado, ta biyu ta rabu daidai. Kawu ya sa aka kawo masa ɓangarorin a tafin hannu, ya jujjuya su, ya zaɓi wanda ya ce ya fi girma.

Damina shida ya yi yana shan rabin nan, kuma babu safiyar da bai zargi Inna da ba shi ƙaramin ɓangaren ba.